SABON KIƊA: WANDA YA SA A YI DA WANDA YA YI

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu, musamman na kudancin ƙasar Katsina, watau Funtuwa da Malumfashi da Bakori da garuruwan da ke kewaye da su. Abin da ya ƙunsa shi ne bayanin yadda a ke sa makaɗi ya ƙago sabon kiɗa, da abin da ke kan wanda ya sa, da abin da ke kan wanda aka sa. Za a fara da al'adar ƙasar Hausa, sa'an nan a kawo ta Turai, inda a kan biya gwani ya tsara wa fiyano kiɗa tare da babban taron makaɗa.

Ko ina a duniya aka sa makaɗi aiki, tambaya uku ce ke tasowa. Mene ne ladansa? Kiɗan na wane ne bayan an gama shi? Wa zai adana shi don na baya? A dā al'ada ta ɗauke wa mutane amsar waɗannan duka. Yanzu kuwa al'adar ta yi rauni, saboda haka ya zama dole a san abin da zai tsaya a madadinta.

MAKAƊI DA UBANGIDANSA

Tun zamanin dā babu sarauta a ƙasar Hausa da ba ta da kiɗanta. Sarki yana da tambari da kakaki da algaita, manyan Hakimai kuma kowa da irin nasa, ko taushi, ko kotso, ko jauje, ko banga. Kowace sarauta tana da takenta, wanda in an kaɗa shi ko an busa, jama'a su kan san mai zuwa tun ba su hange shi ba. Makaɗan nan su ma sarauta gare su, kamar Sarkin Tambura da Sarkin Busa da Sarkin Taushi, yawanci kuwa gado a ke yi.

Sa'ad da makaɗin fada zai yi sabuwar waƙa, ya kan fara da neman nasabar ubangidansa da labarin ayyukan kakanninsa wurin dattawan fada. Daga nan ya ɗaura gindin waƙa, watau amshin da za a riƙa komawa gare shi, ya yi ta ƙara mata 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Shi da 'yan amshinsa da masu kiɗa su kan yi kwanaki suna bita a gida har ta zauna, kāna a kai ta gaban mai ita ran Salla, ko ran naɗin sarauta, ko wani babban buki.

Ladan makaɗin fada ba a kan yanka shi ba. Ubangida ne ke ɗauke da cinsa da suturarsa da muhallinsa, ya ba shi riga da rawani, wani lokaci doki ko gona, in kaka ta yi kuma a aika masa da dammunan hatsi. Shi kuwa makaɗi ba ya yi wa wani basarake waƙa sai da yardar ubangidansa. Bisa wannan hanya Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi ya zauna da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Mamman Sarkin Taushin Katsina kuma ya yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo hidima, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Babu takarda tsakaninsu, amma kowa ya san haƙƙinsa. Ajiyar waƙa kuwa tana cikin kawunan 'yan amshi da 'ya'yan makaɗi masu gadonsa.

Talakawa ma suna da nasu. A ƙasar noma irin ta Galadima da ta Sarkin Maska, mai gona ya kan kira gayya ya ɗauko mai gangar noma, ya yi ta zuga samari da kirarinsu suna gasar kai kunya. Ladansa tuwo da fura a ranar, da damin dawa in an yi girbi.

SHATA A BAKORI DA FUNTUWA

Zuwan jirgin ƙasa Funtuwa da kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi sun kawo wa ƙasar nan kuɗi da baƙi, suka kuma haifar da sabon irin ubangida: attajiri, da ɗan kwangila, da malamin auduga, da mai motocin haya. Makaɗin da ya fi kowa amfana da wannan sauyi shi ne Alhaji Mamman Shata.

An haifi Shata a Musawa cikin 1923. Ba ɗan gidan kiɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya shiga sana'ar ba. Ya yi tallan goro da alewa yana yaro, daga baya ya koma waƙa da kiɗan kalangu. Ya zauna a Bakori a ƙarƙashin wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a can, sa'an nan wajen 1960 ya koma Funtuwa, ya mai da ita gida har ƙarshen rayuwarsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta cikin 1988. Ya rasu a Kano cikin 1999, aka binne shi a Daura, garin babban masoyinsa Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Bambancin Shata da makaɗan fada shi ne bai ɗaure kansa ga gida ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da manoma da mata, sau da yawa kuwa nan take ya ke ƙaga ta a gaban taro. Wanda aka waƙe ya kan yi kyauta gwargwadon ƙarfinsa, ko kuɗi, ko doki, ko mota, ko kujerar Makka. Ta haka makaɗi ya sami 'yancin kansa, amma wani abu ya kuɓuce. Makaɗin fada yana da magaji mai riƙe waƙoƙinsa da ka, shi kuwa mai yawo ba lalle ne ya sami wannan ba. Abin da ya tsira daga waƙoƙin Shata shi ne wanda aka ɗauka a faifan garmaho da kaset, da wanda gidajen rediyo suka ajiye, kamar gidan rediyon Kaduna da aka buɗe cikin 1962. Wadda aka yi a dandali ba na'ura a kusa, ta tafi tare da waɗanda suka ji ta.

Cikin 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, baitulmali ya fita daga hannun En'e, ƙarfin Hakimai na riƙon makaɗa ya ragu ƙwarai. Yau yawancin sababbin waƙoƙi a situdiyo a ke yin su da abin da samari ke kira kiɗan fiyano, watau na'ura mai aiki da lantarki wadda ke kwaikwayon muryar kalangu da algaita da goge duka. 'Yan siyasa da iyayen amare da 'yan kasuwa su ne ke biya a yi musu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni, Dauda Kahutu Rarara, mutumin Kahutu ne ta ƙasar Ɗanja, maƙwabciyar Funtuwa. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. To, da ya ke Turawa sun riga sun bi wannan hanya, daga fada zuwa ciniki, yana da amfani a duba abin da ya same su.

FIYANO DA BABBAN TARON MAKAƊA

Fiyano na asali ba ya aiki da lantarki. Wani babban akwati ne na katako, cikinsa an ɗaura tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, a gabansa kuma akwai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In aka danna ɗaya, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya ta yi ƙara, da ƙarfi ko a hankali, gwargwadon nauyin yatsan mai kiɗa. Wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago shi a birnin Fulorans wajen shekarar 1700.

Babban taron makaɗa kuwa, wanda Turawa ke kira okestira, ya kan kai mutum 60 zuwa 100. Fiye da rabinsu masu goge ne, manya da ƙanana, sauran masu sarewa da masu ƙahon tagulla da masu ganga. A gabansu akwai jagora mai 'yar sanda a hannu, shi ke nuna musu lokacin tashi da lokacin sauka. Kiɗan da a ke tsara wa fiyano tare da wannan taro sunansa konceto. Yawanci kashi uku ne, na fari mai sauri, na tsakiya mai sanyi, na ƙarshe mai sauri, duka kuwa su kan ci kamar rabin sa'a. Mai fiyano ya yi kamar mai bayar da waƙa, taron kuma kamar 'yan amshi.

Babban bambanci da na ƙasar Hausa shi ne su a rubuce su ke ajiye kiɗa. Suna da alamomi da ke nuna kowane sauti, da tsawonsa, da ƙarfinsa. Mai tsara kiɗa ya kan zauna watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana rubuta abin da kowane mutum ɗaya cikin taron zai kaɗa ko ya busa. Saboda haka sau da yawa mai tsarawa daban, mai kaɗawa daban, mai biya kuma daban.

DAGA FADA ZUWA YARJEJENIYA

Turawa ma da makaɗan fada su ka fara. Cikin 1761 Joseph Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a daular Ostiriya. Takardar aikinsa ta ce zai riƙa sa tufafin barorin gidan, ya zo fada kullum ya ji ko ana bukatar kiɗa, kada kuma ya ba kowa abin da ya tsara, ko ya tsara wa wani, sai da izini. Sai cikin 1779 aka sāke takardar, aka bar shi ya sayar da aikinsa ga wanda ya ga dama. Da ubangidansa ya mutu cikin 1790, magajinsa ba mai son kiɗa ba ne, ya sallami yawancin makaɗan. Abin da ya ɗaukaka Haydn bayan haka shi ne wani mai shirya wasanni ya kai shi Landan cikin 1791, ya biya shi ya tsara sababbin kiɗe-kiɗe don jama'a masu biyan kuɗin shiga.

Tun daga lokacin nan hanyar ta yi ta ƙarfi, har ta zama ita ce a ke bi. Alal misali, cikin 1925 jagoran wani taron makaɗa na Niyok, Walter Damrosch, ya sa George Gershwin ya tsara konceto na fiyano, aka fara kaɗa shi a watan Disamba na shekarar, Gershwin da kansa yana kan fiyano. Cikin 2019 kuma taron makaɗan birnin Boston na Amurka ya fara kaɗa wanda ya sa wani Baturen Ingila, Thomas Adès, ya tsara domin gwanin fiyano Kirill Gerstein.

Yarjejeniyar zamanin yanzu ta kan faɗi tsawon kiɗan, da yawan makaɗan da zai bukata, da ranar da za a kawo shi. A kan biya wani kashi na lada ran sa hannu, saura in an kawo aiki. Wanda ya biya shi ke da alfarmar kaɗawa ta fari, a kan kuma ba shi wani ƙayyadadden lokaci da ba mai kaɗa kiɗan sai shi, amma mallakar kiɗan tana nan wurin wanda ya tsara. In kuɗin ya yi wa ƙungiya ɗaya yawa, biyu ko uku su kan yi karo-karo, kowa ya fara kaɗawa a ƙasarsa.

LABARIN MAI HANNU ƊAYA

Akwai wani labari da ya nuna amfanin wannan hanya da kuma haɗarinta. Paul Wittgenstein ɗan wani babban attajiri ne na Viyana, gwanin fiyano. Cikin 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka harbe shi, aka yanke masa hannun dama. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma shi bai bar sana'arsa ba. Ya sa dukiyarsa ya biya manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa su yi masa konceto wanda hannun hagu kaɗai zai iya kaɗawa.

Wani Bafaranshe, Maurice Ravel, ya tsara masa ɗaya, aka fara kaɗa shi a Viyana cikin Janairu 1932, har yau kuwa ana lissafa shi cikin mafiya kyau. Amma Wittgenstein ya sāke wasu wurare a ciki ba da yardar mai shi ba, suka ɓata ƙwarai. Na Sergei Prokofiev, mutumin Rasha, wanda aka gama cikin 1931, bai gamshe shi ba, bai taɓa kaɗa shi a gaban jama'a ba. Sai cikin 1956 aka fara jinsa a Balin, shekara uku bayan mutuwar wanda ya tsara shi. Na Paul Hindemith, Bajamushe, ya fi wannan ban tausayi. An gama shi cikin 1923, Wittgenstein ya ƙi kaɗa shi, ya kuma hana kowa. Ya mutu cikin 1961, Hindemith ya mutu cikin 1963, takardun suna kulle cikin kayan gado. Ba a kaɗa shi ba sai cikin 2004, bayan shekara 81.

Abin lura a nan biyu ne. Da an ƙayyade wa mai biya lokacin riƙonsa, da masu aikin sun ji aikinsu da kunnensu. Amma da ya ke a rubuce kiɗan ya ke, bai ɓace ba ko da aka kulle shi shekaru masu yawa.

'YAN NIJERIYA A WANNAN FANNI

Akwai 'yan ƙasar nan da suka ƙware a irin wannan aiki. Fela Sowande, wanda aka haifa a Abekuta cikin 1905 ya mutu cikin 1987, ya ɗauki karin waƙoƙin gargajiya ya tsara wa okestira babban kiɗa don murnar samun mulkin kai cikin 1960. Akin Euba, mutumin Ikko, wanda ya rayu daga 1935 zuwa 2020, ya koyar da cewa a iya sarrafa fiyano kamar yadda a ke sarrafa gangunan Afirka, ya kuma tsara kiɗe-kiɗe bisa wannan ra'ayi. Cikin 1983 aka kafa ƙungiyar MUSON a Ikko, wadda ke da makarantar kiɗa da zauren wasa. Wannan ya nuna take da karin gargajiya suna rubutuwa, in an sami mai ilmin da mai ɗaukar nauyi.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin Maris 2023. Ga abin da ya kamata kowane malami ya sani daga cikinta. Asalin mallakar waƙa ko kiɗa na wanda ya ƙaga ne, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Biyan lada kaɗai ba ya mai da waƙa ta zama ta wanda ya biya. Sayar da haƙƙin, ko keɓe shi ga mutum ɗaya, ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin yana nan muddin ran mai shi, da shekara 70 bayan mutuwarsa, magadansa ne ke cin amfaninsa. Har wa yau, doka ba ta kare waƙa da wannan haƙƙi sai an ajiye ta cikin wani abu tabbatacce, ko takarda ko na'urar ɗaukar murya. Wannan sharaɗi ya fi shafar makaɗan baka, waɗanda aikinsu a ka ya ke.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Saboda abin da aka bayyana, ana shawartar Hakimai da malamansu da waɗannan abubuwa:

1. In za a sa makaɗi sabuwar waƙa don naɗin sarauta, ko buɗe makaranta, ko jan hankalin manoma, malami ya rubuta 'yar takarda mai faɗin ladan, da ranar kawo aiki, da lokacin biya. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu.

2. A faɗi rabon 'yan amshi da masu kiɗa da mai situdiyo tun da fari. Yawancin rigima daga nan ta kan taso.

3. In ana so waƙar ta keɓanta ga wanda ya biya, a yanka lokaci, ko shekara ɗaya ko biyu. Bayan nan mai ita ya yi ta inda ya so.

4. Kada a sāke wa makaɗi kalmominsa ko a ɗora muryarsa kan wani kiɗa sai da yardarsa. Shi kuma a yi masa sharaɗi kada ya sa zambo ko habaicin da zai ta da fitina tsakanin gidaje.

5. Duk waƙar da aka yi a ɗauke ta a na'ura, malami kuma ya rubuta kalmominta, da sunan makaɗi da na mutanensa, da irin kayan kiɗan, da ranar da aka yi ta, da dalili. A ajiye ɗaya a ofishin Hakimi, a ba makaɗi ɗaya, a aika da ɗaya ɗakin karatu ko jami'a.

6. A nemi tsofaffin makaɗan da suka rage a kowace gunduma, masu tambari da masu algaita da masu gangar noma, a ɗauki taken kowace sarauta da kirarinta daga bakinsu, a kuma biya su ladan wannan aiki.

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun tattara waƙoƙin manyan makaɗa da yawa sun buga su cikin littattafai. Amma makaɗan ƙauyuka da na ƙananan sarautu sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ba kuwa wanda ya san inda su ke kamar Hakimi da Dagatansa. Alkawari kaya ne, takarda kuma ita ce gammonsa. Hakimin da ya sa aka biya makaɗi haƙƙinsa, aka kuma ajiye aikinsa, ya tsare sunan makaɗin, ya tsare tarihin gidansa da na ƙasar da aka ba shi riƙo.